Bugenbiliya: Sunan Kyaftin, Wahalar Jeanne Baret

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Turawa a Kano ko Kaduna ya san shukar nan mai ƙaya da ke lulluɓe katanga da rumfa da launin ja ko shunayya. Bugenbiliya ke nan, kuma asalinta Kudancin Amurka ne.

A 1766 Faransa ta tura Louis Antoine de Bougainville ya zagaya duniya ta teku. Cikin ayarin akwai masanin tsirrai Philibert Commerson da wani hadiminsa mai suna Jean. Hadimin nan mace ce, Jeanne Baret, wadda ta yi shigar maza domin doka ta hana mata shiga jiragen sojan ruwan Faransa. Da suka isa Rio de Janeiro ta Barazil a 1767, Commerson na fama da gyambo a ƙafa, don haka yawancin wahalar shiga daji da ɗaukar kaya a kanta ta faɗa. A can aka tsinko wannan shuka, Commerson ya raɗa mata sunan shugaban tafiyar. A 1789 Antoine Laurent de Jussieu ya shigar da sunan cikin littafinsa na tsirrai, ya zauna har yau.

A ƙarni na 19 lambunan Turai, musamman na Kew da ke Landan, suka yaɗa ta zuwa ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Ta karɓu saboda halinta: tana son rana, tana jure fari, tana saurin hawa rumfa ta ba da inuwa. Idan aka cika mata ruwa da taki, sai ta yi ta ganye, launi ya ragu. Abin da ake ɗauka fure ma ganye ne mai launi. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari, yana ɓoye a tsakiya.

Ita kuwa Baret, bayan rasuwar Commerson a tsibirin Morishus a 1773, ta koma Faransa, ta zama mace ta farko da aka sani ta zagaya duniya. Gwamnati ta yanka mata fansho a 1785. Amma sai a 2012 masana suka sa wa wani tsiro sunanta, Solanum baretiae, shekaru 245 bayan aikin da ta yi a Rio.