Aikin Hannu a Makarantun Elementare na Ƙasar Hausa, 1909 zuwa 1977

Duk wanda ya bi tarihin makarantun boko na ƙasar nan a tsanake zai tarar da wani abin mamaki. Tun daga 1909 hukuma ta kan tashi da ƙarfinta lokaci lokaci ta ce lalle ne yaro ya nemi ilmi da hannunsa, ya taɓa, ya auna, ya shuka, ya ƙera, kada a bar shi da hadda kaɗai. A kan yi shiri, a kashe kuɗi, a horar da malamai, sa'an nan bayan 'yan shekaru abin ya shiririce, a koma wa alli da baƙin allo kamar da. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun al'amarin, a ga abin da ya riƙa kashe shi.

Ya kamata a fara da faɗin cewa ba Turawa suka kawo koyo da hannu ƙasar Hausa ba. Ɗan maƙeri tun yana ƙarami a ke zaunar da shi gindin zugazugi, yana zuga yana kallon yadda ƙarfe ke yin ja, kafin a yarda ya ɗauki masaba. Haka ɗan baduku, da ɗan masaƙi, da ɗan marini a karofin Ƙofar Mata. Sa'ad da Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya sauka Kano cikin 1851, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne saƙa da rini na mutanen ƙasar, da yadda tufafin Kano ke kai wa har bayan Sahara. Babu ɗaya daga cikin masu sana'an nan da ya koyi aikinsa a aji. Ko makarantar allo ma, wadda a ke zargi da yawan hadda, tana da nata rabo. Almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa daga gamba, shi ke dama tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya rubuta, ya wanke, ya shanya allo, in ya kai sauka a yi masa zayyana. Sai dai fa akwai wani abu game da sana'o'in nan wanda zai dame mu nan gaba, watau gado ne, kuma kowace tana da matsayinta a idon jama'a. Ɗan sarauta ba ya zama gindin maƙera, ɗan malami ba ya jima.

Wanda ya shigo da aikin hannu cikin makarantar boko shi ne Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin harshensu. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan cikin 1876. Ya fara zuwa ƙasar nan tare da 'yan mishan, daga baya ya shiga aikin mulki a Barno, cikin 1906 kuwa ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno tare da ayari. Gwamna Girouard shi ya ɗora masa aikin shirya makarantu, aka aike shi Masar da Sudan ya ga yadda a ke yi a ƙasashen Musulmi da ke hannun Ingila. Da ya komo sai ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Cikin 1910 aka naɗa shi shugaban ilmi na Nijeriya ta Arewa.

Abin da a ke kira makarantar Ɗan Hausa makarantu ne da dama a wuri guda. Akwai ta malamai, inda a ke koya wa waɗanda suka riga suka yi karatun Arabiyya rubutun boko da lissafi don su koyar. Akwai ta 'ya'yan sarakuna, akwai elementare, akwai ajin masu awon ƙasa, sa'an nan akwai makarantar sana'a. Da Hausa a ke koyarwa, yara na sanye da tufafinsu na gida, ɗakunan kuwa ginin ƙasa ne irin na gari. A makarantar sana'a an ɗauko gwanaye daga cikin birni, su dukawa da maƙera da masu ɗinki, aka haɗa da aikin kafinta, yara suna koyo a gabansu kamar yadda a ke yi a gida. Ra'ayin Ɗan Hausa shi ne kada boko ya raba yaro da mutanensa, ya fito yana ƙyamar abin da ubansa ke yi. Mutum ne daga ƙasar Pestalozzi, malamin nan da ya mutu cikin 1827, wanda ya yi suna da koyarwar cewa a haɗa kai da zuciya da hannu wajen renon yaro, kuma mai duba tsarin Nasarawa zai ga kama.

To, amma a lura da yadda aka raba makarantun. Alƙalami yana wannan ɗaki, guduma tana wancan. Wanda a ke shirya wa hakimci ko aikin malanta a ofishin En'e yana koyon karatu da lissafi da labarin ƙasa, wanda a ke shirya wa sana'a yana can wajen dukawa. Ashe tun ran farko aikin hannu ya shigo a matsayin abincin wasu yara, bai shigo a matsayin hanyar da kowane yaro zai bi ya fahimci darasinsa ba. A ganina nan ne tushen ciwon. Abu biyu ne mabambanta a ke kira da suna ɗaya. Na ɗaya, a koya wa yaro saƙar tabarma don ya ci abinci da ita. Na biyu, a ba shi kaba da tsakuwa da igiya don ya gane da idonsa abin da a ke nufi da rabi da rubu'i, ko ya auna faɗin fili da kansa. Na farko sana'a ce, na biyu dabarar koyarwa ce. Hukuma ta daɗe tana yin na farko tana zaton ta yi na biyu.

Yaƙin 1914 ya ɗauke Ɗan Hausa daga Kano, bai sake komowa aikin ba. Makarantu suka bazu cikin larduna, aka kafa na sana'a a waɗansu manyan garuruwa, cikin 1921 kuma aka fara Kwalejin Katsina don horar da malamai da Turanci. Amma hannunsa bai fita daga al'amarin ba. Cikin 1923 aka kafa wani kwamiti a London mai ba Gwamnatin Ingila shawara kan ilmin ƙasashenta na Afirka, shi ne ya zama magatakardansa har 1939. Takardar da kwamitin ya fitar cikin 1925 ta ce a daidaita ilmi da halin zaman mutane da sana'o'insu da al'adunsu, a ƙarfafa noma da kiwon lafiya da aikin hannu. Wannan ra'ayi ya sha ruwa daga Amurka. Ayarin bincike na asusun Phelps-Stokes, wanda Thomas Jesse Jones ya shugabanta, ya zaga Afirka cikin 1920 zuwa 1921, ya sake zagawa cikin 1924, yana yaba irin tsarin makarantun Hampton da Tuskegee, inda a ke koya wa baƙaƙen fatar Amurka noma da sana'a. Can ma an yi gardama mai zafi a kan tsarin, domin W. E. B. Du Bois da waɗansu sun ce dabara ce ta tsare baƙar fata a ƙasa. Masu ilmi na Ikko da Gwalkwas su ma haka suka ɗauke shi. Ko an so ko an ƙi, zarginsu yana da ƙamshin gaskiya, don kuwa waɗanda suka rubuta takardun nan ba su aika da nasu 'ya'ya koyon saƙar igiya ba.

Cikin 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi na Kudu da Arewa a hannun Mista Hussey. Shi ya kawo tsarin elementare da midil, aka narkar da makarantun sana'a cikin midil. Elementare ta zama shekara 4, da Hausa a yawancin wurare, En'e ke riƙe da ita. A jadawalin darussa an ware lokacin aikin hannu da na gona. Yara su kan yi igiya da faifai da tabarma, su gina 'yan tukwane da yumɓu, su yi kunya a gonar makaranta su shuka gyaɗa ko auduga. Makarantun 'yan mata da aka buɗe a Kano da Katsina cikin 1930 su kuma aka ba su ɗinki da tsabta da renon yara.

A takarda abin ya yi kyau. A ƙauye kuwa lissafin uba dabam ne. An ɗauke masa yaro, sau da yawa ba da son ransa ba, an raba shi da mai taya shi noma, sa'an nan ya leƙa makaranta ya tarar da yaron riƙe da fartanya. In noma ne, ai shi ya fi malamin iyawa. Abin da zai sa ya haƙura da rashin ɗansa shi ne yaron ya wuce midil, ya fito malamin haraji ko na asibiti ko na gona, yana karɓar albashi a ƙarshen wata. Ƙofar midil kuwa jarrabawa ce ta karatu da rubutu da lissafi, ba a tambayar kowa faifan da ya ɗinka. Malami ya san da yawan yaran da suka ci jarrabawa za a auna shi, saboda haka in lokaci ya ƙure, darasin aikin hannu ya kan fara yanka. Wani abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne al'adar nan ta mai da noma horo. Yaro ya makara, a ce ya je ya nome kunya 5. Wanda aka yi wa haka shekara 4 da wuya ya fita yana ganin fartanya da mutunci.

Sai bayan samun mulkin kai cikin 1960 aka zo ga ma'ana ta biyu sosai. Cikin 1965 aka yi wani taro a Kano na masana kimiyya da malamai daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila, daga nan aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka. Masu shirin sun ce ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Abin da ke kewaye da makaranta ya isa: iri, da ƙasa, da ruwa, da inuwa, da gwangwani, da tsohon batir na tocila. Darasin da ya fi suna cikin waɗanda aka shirya a kan ɗan ƙwaron nan ne da ke haƙa rami kamar mazurari cikin rairayi yana jiran tururuwa ta faɗa. In yara suka tambayi malami me ya ke ci, ko yaya ya ke haƙa ramin, ba ya gaya musu. Sai ya ce su ɗebo shi cikin ƙwarya da rairayi, su sa masa ido, su sāke masa ƙasa, su gani da kansu. Gani ya kori ji. A nan babu batun wane ne ɗan sarki, wane ne ɗan maƙeri, domin ba sana'a a ke koyarwa ba, yadda a ke bincike a ke koyarwa.

A jihohin Arewa, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ce ta ɗauki irin wannan aiki a farkon shekarun 1970, da taimakon UNICEF da UNESCO, cikin wani shiri na kyautata ilmin firamare. An rubuta sababbin littattafan malamai, an sa yara su zauna ƙungiya ƙungiya maimakon layi layi, su ƙirga da tsakuwa da marafan kwalba, su yi zane da gini da wasa. Abin da ya fi kome amfani a shirin shi ne malamai masu zagayawa, waɗanda ke bin makarantu suna zama da malamin aji suna nuna masa a aikace. Dalili kuwa, malamin da shi kansa da hadda aka rene shi ba ya sauya hali don an miƙa masa littafi. Tun a zamanin ba a rasa masu gunaguni ba, don aji mai irin wannan aiki yana da hayaniya, mutanenmu kuwa sun saba auna kirkin malami da shirun ajinsa.

Shirin yana cikin yaɗuwa sai ga ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe cikin Satumba 1976. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a Nijeriya duka, sai wajen miliyan 3 suka zo. Alheri ne babba, musamman ga Arewa, amma ya zo da nauyinsa. Aka ɗebi malamai da gaggawa aka yi musu gajeren horo, aka cika azuzuwa har waɗansu suna karatu a gindin itace. Koyo da hannu yana son malami ya zaga ya duba abin da kowane yaro ke yi, yana son wurin ajiye kaya da ɗan kuɗin sayen almakashi da takarda. Mutum guda a gaban yara masu yawa haka ba shi da wata dabara sai ya faɗa su amsa.

Manufar ilmi ta ƙasa da aka buga cikin 1977 ta sake jaddada cewa a koyar a firamare ta hanyar aiki da bincike da gwaji, ta kuma lissafa aikin hannu da noma cikin darussa. Amma jarrabawar shiga sakandare ba ta sāke ba, takarda da alƙalami ce kamar ta shiga midil. A makarantu da yawa darasin aikin hannu ya tsaya ga abin da a ke karɓa a ƙarshen zango don a cika gurbin maki. A kan ce kowane yaro ya kawo abin da ya yi da hannunsa, uwa ta ba shi kuɗi ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa, malami ya karɓa ya rubuta maki. Daga baya a waɗansu wurare aka daina wahalar zuwa kasuwar, aka koma karɓar kuɗin.