FidoNet: Tarihin Hanyar da Fayiloli Suke Bi da Tsakar Dare

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago na Amurka, ta hana kowa fita. Ward Christensen da abokinsa Randy Suess suka yi amfani da wannan zaman dole suka haɗa kwamfuta da layin tarho, ta yadda mutum zai kira daga gidansa ya karanta saƙo ko ya bar nasa. Ranar 16 ga Fabrairu suka buɗe ta da sunan CBBS. Layi ɗaya ne, saboda haka mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, saura su yi ta bugawa har a dace. Tun 1977 Christensen ya riga ya rubuta XMODEM, dabarar da ke yayyanka fayil gutsure-gutsure, kowane baiti 128, tare da lambar tantancewa. In ƙarar layi ta ɓata gutsure ɗaya, shi kaɗai ake sake aikowa.

Irin waɗannan allunan saƙo sun yaɗu a Amurka, amma kowanne zaman kansa yake. A lokacin kiran gari zuwa gari yana da tsada ƙwarai, kuma wannan tsadar ce, a ganina, ta haifi FidoNet ta kuma tsara mata ɗabi'unta gaba ɗaya. A 1984 Tom Jennings, wanda ya rubuta manhajar allon saƙo mai suna Fido a San Faransisko, ya so musayar saƙo da John Madill da ke Baltimore ba tare da sun ƙarar da aljihunsu ba. Sai ya sa kwamfutocin su riƙa kiran juna da kansu can cikin dare, lokacin da kamfanin tarho ke rage kuɗi. Aka ware awa guda da ba a karɓar kiran mutane, sai na na'urori. Masu allon suna barci, saƙo yana tafiya.

Kafin a ce kwabo jama'a sun yi yawa. Wasu masu alluna a St. Louis, cikinsu har da Ken Kaplan da Ben Baker, suka karɓi aikin riƙe jerin sunayen tashoshi, wato allunan da suka shiga tsarin, da lambobin wayarsu. Manhajar farko ba ta ɗaukar fiye da tasha 250, don haka a 1985 aka sake tsari, aka kasa tashoshi rukuni-rukuni bisa garuruwa. Tasha ɗaya ce ke yin kiran nesa a madadin kowa, sannan ta rarraba wa maƙwabta ta kiran cikin gari, kamar yadda ake ba direba saƙo a tashar mota ya miƙa wa wani direban har ya isa hannun mai shi. Daga baya aka raba duniya shiyya shida, Afirka ta zama ta biyar. Jerin tashoshin ma da ya kumbura, aka daina aika shi dungurungum. Duk mako gyare-gyaren da aka yi kaɗai ake turawa, kowa ya liƙa su a kan nasa.

Sai mutum ya duba saurin layin sannan zai gane dalilin wannan tsimi. Modem mai gudun 2400 yana ɗaukar kimanin haruffa 240 a daƙiƙa, wato megabaiti ɗaya sai ya ci fiye da awa guda. In wani a gidan ya ɗaga kan tarho, aiki ya ɓaci, a koma farko. Shi ya sa da Chuck Forsberg ya fito da ZMODEM a 1986, wadda ke ci gaba daga inda layi ya yanke, aka karɓe ta hannu bibbiyu. Matse fayil kuwa wajibi ne. An fara da ARC ta Thom Henderson a 1985, sai shari'a ta shiga tsakanin kamfaninsa da Phil Katz, wanda ya fito da ZIP a 1989, tsarin da muke amfani da shi har yau.

Mai kula da allo shi ne ma'aji, shi ne kuma mai gadi. Yakan kasa faifansa sassa-sassa, nan manhajoji, can wasanni, can rubuce-rubuce, ya duba kowane sabon fayil ko yana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta, ya rubuta masa bayani layi ɗaya ko biyu. Da yawa sun kafa ƙa'ida: ba ka ɗibar kaya sai ka kawo naka gwargwado. Tsakanin tashoshi kuma, ana iya maƙala fayil a jikin wasiƙa, ko tasha ta aika buƙatar fayil da sunansa, ɗaya ta miƙo mata a cikin kiran nan ɗaya. Akwai kuma fayilolin da ke zagaya tashoshi da ƙaramar takardar rakiya mai ƙarshen TIC, wadda ke faɗin sunan fayil, sashen da za a ajiye shi, da tashoshin da suka riga suka gan shi, don kada a biya kuɗin waya sau biyu a kan abu ɗaya.

A 1986 Jeff Rush ya ƙirƙiro Echomail, zaurukan hira da kowace tasha ke karɓar kwafinsu, zirga-zirga ta ninka. Rigima ma ta ninka. Ƙungiyar IFNA da aka kafa don shugabanci ba ta yi ƙarko ba, domin masu biyan kuɗin tarho daga aljihunsu ba su yarda wani ya yi musu mulki ba. Abin da ya tsaya shi ne kundin ƙa'idoji na huɗu na 1989, wanda ruhinsa shi ne kada ka cika damun mutane, kada kuma ka cika saurin fushi.

Inda wannan tsari ya fi burge ni shi ne Afirka. A farkon shekarun 1990, lokacin da layukanmu ba sa jure dogon kira, ƙungiyoyi masu zaman kansu a Dakar da Nairobi da Harare da manhajar Fido suka fara samun imel, ta hannun ƙungiyar GreenNet da ke Landan. A rubuta wasiƙu ba tare da an hau layi ba, a matse su, a tura cikin 'yan mintoci.

A tsakiyar shekarun 1990 tashoshin FidoNet sun kusa 40,000, sannan intanet mai araha ta janye jama'a, aka yi ta rufewa. Har yanzu FidoNet tana aiki, ana kuma fitar da jerin tashoshinta, sai dai yawancin saƙonninta ta intanet suke bi yanzu.