Jagora Ya Mutu, Kiɗa Bai Tsaya Ba: Tarihin Ƙungiyoyin Rock Bayan Rashin Mawaƙinsu

A ranar 5 ga Satumba, 2024, ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Linkin Park ta fito kai tsaye ta intanet, ta gabatar da wata mata, Emily Armstrong, a matsayin wadda za ta riƙe makirufo a gurbin Chester Bennington, wanda ya kashe kansa a watan Yulin 2017 yana da shekara 41. Kafin gari ya waye magoya baya sun rabu gida biyu. Wasu suka ce shekara bakwai na zaman makoki ya isa, wasu suka ce wannan cin amanar mamaci ne, a sauya wa ƙungiyar suna kawai. Mahaifiyar marigayin da ɗaya daga cikin 'ya'yansa ma sun fito fili sun nuna ɓacin ransu. Duk da haka, a ƙarshen watan Mayun 2025 sai ga ƙungiyar tana buɗe wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a birnin Munich.

Wannan taƙaddama ta girmi yawancin masu yin ta. Tun kafin a haifi kiɗan rock ake fama da ita. A watan Disambar 1944 jirgin da ya ɗauko shahararren makaɗin nan Glenn Miller ya ɓace a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, amma zuwa 1946 ƙungiyarsa ta koma yawon kiɗa a ƙarƙashin Tex Beneke, kuma har yau akwai masu kaɗawa da sunansa. Buddy Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1959, abokansa na The Crickets, da ya riga ya rabu da su 'yan watanni kafin nan, suka ci gaba shekaru da dama. A wancan zamani ba a cika ɗaga murya a kan haka ba, domin masu sauraro rawa suka zo yi.

Abin ya sauya a shekarun 1960, lokacin da mawaƙin gaba ya zama fuskar ƙungiya, kuma matasa suka fara ɗaukar kalmominsa tamkar labarin rayuwarsu. Gwaji na farko mai zafi ya faɗa wa The Doors. Mawaƙinsu Jim Morrison ya mutu a Paris a watan Yulin 1971 yana da shekara 27. Sauran mutum uku suka riƙe sunan, biyu daga cikinsu suka raba aikin rera waƙa a tsakaninsu, suka fitar da kundi biyu a 1971 da 1972. Kasuwa ta yi sanyi, a 1973 kowa ya kama gabansa. Daga nan aka kafa hukunci a zukatan mutane cewa idan mawaƙi ya tafi, magana ta ƙare.

Shekarar 1980 ce ta rushe wannan hukunci. A cikinta manyan ƙungiyoyi uku suka yi rashi, kuma kowace ta ba da amsa daban. A watan Mayu Ian Curtis na Joy Division ya kashe kansa yana da shekara 23, ana gab da tafiyarsu ta farko zuwa Amurka. Da ma sun yi alkawari tsakaninsu cewa duk ranar da ɗaya ya fita, sunan ya tafi da shi. Suka cika alkawarin, suka koma New Order, mai jitarsu Bernard Sumner ya karɓi makirufo, suka karkata ga kiɗan na'ura, har suka fi dā samun kasuwa. A watan Satumba John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, ya mutu, kuma a Disamba abokansa suka sanar cewa sun rufe ƙofa. A lura da kyau: mawaƙinsu Robert Plant yana nan da ransa da muryarsa, mai ganga ne ya tafi, amma ƙungiyar ba ta tsira ba.

Rashi na uku, na ƙungiyar AC/DC, shi ne ya fara faruwa a kalanda, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Wasu 'yan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, su suka kafa AC/DC a birnin Sidni na Ostareliya a ƙarshen 1973. An haife su a Glasgow, iyayensu suka yi hijira da su a 1963. Yayansu George ya riga ya yi suna a waƙa, kuma shi da abokinsa Harry Vanda suka kula da naɗar kundayensu na farko. Bon Scott ba shi ne mawaƙinsu na fari ba. A 1974 ya gaji wani Dave Evans. Scott ma ɗan asalin Sukotland ne da ya girma a Fremantle ta Ostareliya, ya girmi 'yan'uwan da shekaru, ya ga duniya, yana da ƙaramar murya mai kaifi da bakin barkwanci. Shi ke rubuta kalmomi, su ke ƙera kiɗa. Sun sha wahalar ƙananan gidajen rawa a Ostareliya da Ingila, sai a 1979 kundinsu Highway to Hell ya buɗe musu ƙofar Amurka.

Ana cikin shirin kundi na gaba, a daren 18 ga Fabrairu, 1980, Scott ya fita shan giya a Landan. Ya bugu har ya kasa tashi, aka bar shi kwance cikin mota a unguwar East Dulwich, a tsakiyar hunturu. Washegari aka iske ba rai. Mai binciken gawa ya rubuta cewa giya ce ta yi masa yawa. Shekararsa 33. Aka kai shi Fremantle, kuma a wurin jana'izarsa, mahaifinsa ya ce wa 'yan'uwan su nemi wani mawaƙi su ci gaba.

Ba su ɓata lokaci ba. Cikin waɗanda aka kira gwaji a Landan akwai Brian Johnson, ɗan shekara 32 daga yankin Newcastle, wanda tsohuwar ƙungiyarsa Geordie ta taɓa ɗan haskakawa sannan ta dusashe, har ya koma sana'ar gyaran rufin motoci. Angus ya sha faɗa cewa Scott da kansa ya taɓa ganin Johnson a dandali ya kuma yaba musu shi. A farkon Afrilu aka sanar da ɗaukarsa. Suka wuce ɗakin naɗar waƙa na Compass Point a Bahamas tare da Mutt Lange, wanda ya tsara musu kundin baya, suka yi aiki a Afrilu da Mayu. Ranar 25 ga Yuli kundin Back in Black ya fito, wata biyar da 'yan kwanaki bayan mutuwar Scott. Bangonsa baƙi ƙirin saboda makoki, kuma abu na farko da kunne ke ji shi ne bugun wata ƙatuwar ƙararrawa da suka sa aka ƙera musu a garin Loughborough. Ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. A Amurka kaɗai an sayar da fiye da kwafi miliyan 25, kuma yana cikin kundayen da aka fi saya a tarihi. Har yau akwai masu cewa an yi amfani da rubutun da Scott ya bari, zargin da Johnson da 'yan'uwan suka musanta.

To me ya sa AC/DC ta tsira The Doors ta faɗi? Bayanin da ya fi yawo shi ne kuɗi: wai suna jari ne, ba wanda zai zubar da shi. Gaskiya ne kuɗi na sa a gwada, amma ba ya sa a yi nasara. INXS ta Ostareliya ta rasa Michael Hutchence a 1997, kuma ba ta rasa son kuɗi ba. A 2005 ta shirya gasa a talabijin don zaɓen magaji, wani ɗan Kanada, J.D. Fortune, ya ci, suka fitar da kundi ɗaya tare, daga baya aka rabu, a 2012 ƙungiyar ta daina yawon wasa. Ko Led Zeppelin, wa ya kai ta hasarar kuɗi da ta rufe? Amma ta rufe.

Bayani na biyu shi ne kamannin murya. Wannan ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Duk wanda ya saurari Scott da Johnson ya san ba su yi kama ba: ɗaya yana waƙa kamar mai tsokana, ɗaya yana ƙwalla ihu daga maƙogwaro. Kuma Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane. Mawaƙin da aka ɗauko don ya kwaikwayi mamaci, kowace waƙa ya rera tunatarwa ce cewa ba shi ba ne.

Na uku shi ne albarkar iyali. Lallai maganar mahaifin Scott ta sauƙaƙa wa 'yan'uwan nauyin zuciya, kuma rashin irinta ya jawo wa Linkin Park surutu. Sai dai albarka tana kashe gulma ne kawai, ba ta tsara waƙa.

A ganina abu biyu ne ke yanke hukunci, kuma sai sun haɗu. Na farko, waɗanda ke riƙe da ainihin kiɗan su kasance da rai. A AC/DC jitar Malcolm ce ginshiƙi, ita ke ba da taken da ake gane su da shi daga daƙiƙa biyar ta farko, Angus kuma yana tsalle a kai cikin kayan 'yan makaranta. Shaida ita ce daga 1990 zuwa yau sunayen 'yan'uwan biyu kaɗai ke kan waƙoƙin a matsayin marubuta, har da kalmomin. A Led Zeppelin kuwa gangar Bonham na cikin ginshiƙan, shi ya sa mawaƙi mai rai bai cece su ba. Abu na biyu, a ba sabon mawaƙi waƙoƙin da za a ce nasa ne. Mun san haka a wajen makaɗan fada: ɗan da ya gaji ubansa, in waƙoƙin uban kaɗai yake maimaitawa, ɗan amshi ne da aka matso da shi gaba, sai ranar da ya yi wa sarki tasa waƙar ake kiransa makaɗi. Johnson ya samu tasa cikin wata biyar, kafin kewar Scott ta daskare ta zama katanga. The Doors suna da makaɗan, sun kuma yi sababbin waƙoƙi, amma sun bar gurbin jagora a buɗe, masu kallo suna ta neman inda za su ajiye ido.

Queen ta bi wata hanya ta tsakiya, wadda nake ganin ta fi kowace gaskiya. Mawaƙinta Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya mutu a Nuwambar 1991. A 1995 abokansa suka fitar da kundi da muryar da ya naɗa kafin ya rasu, a 1997 John Deacon ya yi ritaya. Brian May da Roger Taylor suka yi aiki da Paul Rodgers daga 2004 zuwa 2009, sannan da Adam Lambert tun 2011. A duka biyun sun rubuta sunan baƙon daban, da alamar tarawa tsakaninsa da na Queen. Da Lambert suna cika filayen wasa a ko'ina, amma ba su taɓa fitar da kundin sababbin waƙoƙi tare da shi ba. Biki ne na tunawa, kuma ba su yi wa kowa ƙaryar cewa wani abu ne daban ba.

Idan aka auna Linkin Park da wannan ma'auni, masu suka ba su da hujja mai ƙarfi. Mike Shinoda na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1996, shekara uku kafin Bennington ya shigo, kuma shi ne jigon tsara kiɗanta. Sun ɗauko mace, wadda ba mai zarginta da satar murya, kuma ranar 15 ga Nuwamba, 2024 suka fito da sabon kundi, From Zero. Ɓacin ran iyali abin girmamawa ne, amma ba ya hana sauran mutum huɗu ko biyar cin abincin sana'ar da suka gina da hannunsu.

Inda nake tsayawa da masu suka shi ne wani wuri daban. Lynyrd Skynyrd ta rasa Ronnie Van Zant a haɗarin jirgi a 1977, ta dawo a 1987 da ƙaninsa Johnny, abin da ya jawo ja-in-ja da iyalin marigayin har ya kai ga kotu. A Maris ɗin 2023 Gary Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta, ya mutu, amma ana nan ana sayar da tikiti da sunan. Ita ma AC/DC ta kusa wannan gaɓa. Ciwon mantuwa ya sa Malcolm ya ajiye jita a 2014, ya mutu a 2017. A 2016 likitoci suka gargaɗi Johnson cewa zai iya kurumcewa, aka ɗauko wani mawaƙi, Axl Rose, ya ƙarasa musu zagayen wasanni. Johnson ya dawo a kundin 2020, wanda Angus ya gina a kan kiɗan da suka tara shi da yayansa. Yanzu Angus kaɗai ya rage daga 1973. Ranar da ya ajiye jitarsa, duk wanda ya hau dandali da wannan suna kamfani ne ke gudanar da alamar kasuwanci, ko da muryarsa ta fi ta Scott da ta Johnson a haɗe. Wannan ce ranar da ta dace magoya baya su ɗaga murya, kuma ya kamata a rubuta musu gaskiyar abin a jikin tikiti kafin su biya.