Baƙon Wurno da Ya Hau Dutsen Aljanu

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Wurno, tun daga nesa zai hango garin a bisa tudu, ga fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinsa da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Tudun ba wani dogo ba ne, yaro ma zai haye shi da tallan goro a ka. Amma saboda shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a nan, domin daga sama ana hango ƙurar mahara tun ba su ƙetare gulbi ba. A garin ya rasu a 1837, kuma hubbarensa na nan har yau. Haka hawan dutse yake a ƙasar Hausa tun da can: ana hawa ne don tsaro, ko gudun yaƙi, ko kuma, kafin Musulunci ya kafu, don tsafi, kamar yadda tarihin Kano ya faɗa game da Barbushe da Dala. A hau dutse haka kawai don a ce an hau, wannan sana'ar wasu ce.

Ɗaya daga cikin masu wannan ɗabi'a ya taɓa zama baƙon Wurno. Sunansa Heinrich Barth, Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta aiko, amma a hanya Abdulkarim yake amsawa. A farkon Afrilun 1853 ya ratsa dajin Gundumi, tafiyar yini da dare babu zango, ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Ya miƙa gaisuwa, har da ƙananan bindigogi biyu, aka ba shi masauki a Wurno, ya yi wajen wata guda. Da ya dawo daga Tambutu a 1854 ma nan ya sake sauka, ciwon ciki ya kwantar da shi.

Saura ƙiris da bai ga Wurno ba, kuma dutse ne sanadi. A Yulin 1850, ayarinsu na kusa da Gat a cikin sahara, ya hango Dutsen Idinen, wanda Abzinawa ke cewa fadar aljanu ce. Sun gargaɗe shi, babu wanda ya yarda ya raka shi. Ya yi kunnen uwar shegu, ya ɗauki 'yar salkar ruwa da dabino da busasshen biskit, ya kama hanya shi kaɗai, yana zaton zai tarar da rubutun mutanen da a can sama. Ya kai, bai tarar da komai ba sai duwatsu. Ruwa ya ƙare, hanya ta ɓace masa. Ya harba bindiga don a ji shi, ya kwana ƙarƙashin wata itaciya, da ƙishirwa ta kai masa iya wuya ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa. Washegari da yamma wani Ba'abzine a kan raƙumi ya bi sawunsa, ya tsince shi rai a hannun Allah, ya yayyafa masa ruwa a ka kafin ya ba shi ya sha. Ni dai a wannan labari Ba'abzinen ne gwanina: ya yarda akwai aljanu a wurin, kuma duk da haka ya je.

Shekara ɗari bayan saukar Barth a Wurno, ranar 29 ga Mayun 1953, Edmund Hillary na ƙasar New Zealand da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, suka taka ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsayi a duniya. Awon da Nepal da Sin suka sanar a 2020 ya ba shi mita 8,848.86, wato ya ninka Chappal Waddi na Taraba, mafi tsayi a Najeriya, fiye da sau uku da rabi. A can sama iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda muke samu a bakin Rima ba, shi ya sa suka goya tulunan iska a baya. Minti goma sha biyar kacal suka yi a ƙololuwar.

Labarin ya isa Landan daidai da bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, 2 ga Yuni, sai murna ta zama biyu. A Arewa kuwa hankali na wani wuri. Tarzomar Kano ba ta fi mako biyu da lafawa ba, kuma Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma tsohon hakiminta, na tsakiyar taƙaddamar lokacin da ya dace a karɓi mulkin kai.

Mutum biyu suka hau Everest, amma ɗaruruwan 'yan dako ne suka yi jigilar kayan ayarinsu, wanda Kanar John Hunt ya jagoranta, daga Kathmandu zuwa gindin dutsen. Hillary da Hunt sun samu muƙamin Sir. Tenzing lambar yabo aka ba shi. 'Yan dakon kuwa an biya su lada, an sallame su.

Yanzu Nepal na bikin 29 ga Mayu kowace shekara, kuma hawan ya zama kasuwa. Takardar izini kaɗai ta daɗe a kan dala 11,000 kafin a ƙara mata kuɗi, ban da guzuri da ladan jagora. A 2019 wani hoto ya zaga duniya: mutane sun yi layi a siririn doron da ke kai wa ga ƙololuwa, kamar masu jiran awo a injin niƙa, alhali kowane minti iskar tulunsu na raguwa. Igiyar da suke riƙe da ita, Sherpa ne suka riga su hawa suka ɗaura ta. Ɗaya daga cikinsu, Kami Rita, ya kai ƙololuwar fiye da sau talatin, kuma a bakin aikinsa yake.