Yadda Libar Giya Ta Bi Hannun Mahayi

A 1948 Gino Bartali, ɗan Italiya, ya lashe gasar Tour de France a kan keken da sauya giyarsa sai mai ƙarfin hali. Libobi biyu na Cambio Corsa, ƙirar kamfanin Campagnolo, suna jikin ƙarfen da ya sauka daga sirdi zuwa tayar baya. Dole mahayi ya miƙa hannu baya ya sassauta tayar, ya murza feda da baya, ya ture sarƙa, sannan ya sake ɗaurewa, alhali keke na gudu.

Ba 'yan tsere ne suka fara neman giya ba, matafiya ne. Paul de Vivie na Saint-Étienne a Faransa, wanda aka fi sani da Vélocio, ya shafe shekaru yana hawan tsaunuka yana tallata ta a mujallarsa Le Cycliste, yayin da Henri Desgrange, jagoran gasar, yake ganin ta a matsayin ragwantaka. Sai a 1937 aka buɗe mata ƙofa ga dukan 'yan gasar.

Da giyar da ake ja da waya ta yaɗu, musamman bayan fitowar Gran Sport a 1951, liba ta samu mazauni a ƙarfen da ya gangara daga wuyan keke zuwa feda. Wurin ya dace da ɗan tsere, domin a sunkuye yake, da ya saki hannu nan zai faɗa. Shi kuwa matafiyi yakan ɗaga kan kekensa ya yi daidai da sirdi, don wuyansa da bayansa su jure wuni guda. Gwargwadon miƙewarsa, gwargwadon nisansa da liba. Ga kaya a tayar gaba, ga hawa, ga tuƙi da hannu ɗaya: nan hatsarin yake.

A shekarun 1970 mafita biyu suka yi kasuwa. A Amurka an ɗora liba a wuyan keke, kusa da mai zama a miƙe, amma har yanzu sai ya saki riƙo. Ta biyun, wadda SunTour na Japan ya shahara da ita, tana can ƙarshen ƙahon kan keke, inda tafi da ƙaramin yatsa ke sauya giya hannu bai bar wurinsa ba. Aibinta guda: idan keken ya yi wa mutum gajarta, gwiwa kan doke ta.

A 1990 Shimano ya cusa libar cikin hannun birki, Campagnolo ya biyo baya a 1992, 'yan tsere suka koma can. Matafiya da yawa ba su bi su ba, domin libar ƙarshen ƙaho kayan cikinta kaɗan ne, ana iya gyara ta a garin da babu shagon keke. Shi ya sa tsofaffin hannu ke fara daidaita sirdi da kan keke, su hau su yi nisa, su ga inda hannu yake hutawa bayan gajiya ta zo. A nan ake ɗaura liba.