Kafin Dogo Ya Iso Araba: Nazari Kan Matsallakar Gona da Burtali

Babu layin dogo a Araba, babu a Illela, babu ma a jihar Sakkwato baki ɗaya. Wanda Turawan mulkin mallaka suka ja daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. A ƙetaren iyaka ma Birnin Ƙonni ba ta taɓa jin kukan jirgi ba. Amma sunan Illela ya sha fitowa a tsare-tsaren gwamnatin tarayya na faɗaɗa dogo, kuma ta gabas aiki ya riga ya kankama: a watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ƙasar da yake ratsawa irin ta Araba ce, ta gero da wake da shanu da kasuwannin bakin iyaka. Abin da ya samu manomin Jibiya shi ne zai samu na Araba ranar da aka zo kafa turaku.

Idan ana maganar tsallake dogo, hankali yakan tafi ga babban titi, inda ake sa sandar tare hanya da mai gadi da tuta. Hatsarin Ikeja na 9 ga Maris 2023, inda jirgi ya kwashe motar ma'aikatan gwamnatin Legas har mutum shida suka rasu, a irin wannan wuri ya faru. Akwai wata matsallaka da ba a cika ambatonta ba, alhali ta fi yawa a karkara: wadda ba ta kan hanyar gwamnati, an bar ta ne don dogo ya raba mutum da gonarsa, ko ya raba ƙauye da rijiyarsa. Ba mai gadi a can. Wanda zai tsallaka shi ne zai buɗe ƙofa, shi zai duba, shi zai yanke hukunci.

Birtaniya ta fi kowa daɗewa da wannan matsala. Tun 1845 dokarta ta wajabta wa kamfanonin jirgi su killace layi, su kuma bar wa mai gona wurin wucewa. Tsarin da ya fito daga nan shi ne ƙofa biyu, ɗaya a kowane gefe, da allon gargaɗi, a wasu wuraren da wayar tarho da za a kira mai kula da zirga-zirgar jirage kafin a shiga da mota. A takarda abin ya yi daidai. A ƙasa kuwa, direba shi kaɗai sai ya taka layin sau biyar: ya tsallaka ya buɗe ƙofar can, ya dawo, ya wuce da mota, ya koma ya rufe ta baya, ya sake dawowa. Ba mamaki ake samun ƙofofin a buɗe. A 2010, kusa da garin Sudbury, jirgin fasinja ya yi karo da tankar da direbanta bai kira ba. A 2017, a wata matsallaka mai suna Frognal Farm, mai kai saƙo ya danna maɓalli, ƙofa ta buɗe da kanta, ya ɗauka an ba shi hanya ke nan, jirgi ya buge motarsa. Masu bincike sun gano allunan wurin ba su fayyace wa baƙo abin da zai yi ba, kuma dokar ta dogara ne ga mai gona ya yi wa duk mai zuwa wurinsa bayani. A 2023 aka sauya dokar allunan da aka yi tun 1996, aka rage rubutu, aka ƙara hoto.

Darasin da nake gani a nan ya wuce batun zanen allo. Tsarin gaba ɗaya ya ginu kan zaton cewa matsallaka tana da mai ita guda ɗaya, wanda aka sani, mai karatu, mai waya. A ƙasar da aka ƙirƙiro shi ma zaton ya karye. A Araba ba zai ko tsayu ba. Hanyar gona a nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Gandu ɗaya gado ya raba shi gida takwas, wani ya ba da aro, wani ya jinginar, 'yan ƙwadago suna zuwa daga wani gari, yara suna kai abinci da hantsi, mata suna dawowa da itace. Wa za a rubuta a matsayin mai ƙofa? Ranar Lahadi, da kasuwar Illela ke ci, 'yar hanyar da jiya ba kowa a kanta sai ta cika da raƙuma da jakuna da amalanke da 'yan kabu-kabu, da yawansu daga Nijar suka fito, wasu Fillanci suke ji, wasu Buzanci, wanda ya yi boko a cikinsu da Faransanci ya yi. Allon da aka rubuta da Ingilishi bai yi magana da kowa a cikinsu ba. Mafi ƙaranci dai a sa hoton da ko yaro zai gane, da gicciyen nan da yarjejeniyar Biyana ta 1968 ta amince da shi a matsayin alamar dogo, sa'an nan rubutun Hausa da boko da ajami, domin masu karanta ajami a karkarar Sakkwato ba kaɗan ba ne.

Sai dai ko allo ya yi kyau, abin da yake cewa shi ne a tsaya, a duba, a saurara. Nan ne lissafi ke shigowa. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma jirgin kaya mai nauyi yakan buƙaci fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya bayan an taka birki. Amalanken shanu da aka yi wa lodin buhunan gero, a ce ta ɗauki daƙiƙa 20 kafin ƙafarta ta baya ta bar ƙarfe, mai ita yana buƙatar hango mita 560 ta kowane gefe. Wannan kuwa sai in ƙafa ba ta maƙale a ramin da ke gefen ƙarfe ba, sai in sa bai turje ba. A watan Agusta, gero ya fi mutum tsayi, ya rufe kwana. A hunturu, hazo yakan hana ka ganin bishiyar da ke ƙarshen gonarka, mutum ya naɗe kunnuwa da rawani saboda sanyi, iska na kaɗa ƙarar jirgi wani gefe.

Garke ya fi wannan tsanani. Idan shanu suka ɗauki minti biyu suna wucewa, jirgin da zai same su yana nesa da fiye da kilomita uku lokacin da ta farko ta sa kofato. Babu idon da zai hango shi, babu kuma makiyayin da zai iya juya rabin garke baya, yana gefe ɗaya, ɗan ƙaninsa mai shekara goma yana ɗaya gefen da sanda. Saboda haka a ganina burtali bai kamata ya haɗu da dogo a ƙasa ɗaya ba ko kaɗan. A yi masa hanya ta ƙarƙashi, mai faɗin da dabba ba za ta ji tsoron duhunta ba, mai tsayin da raƙumi da kayansa zai shige, da magudanar da za ta hana ta zama tafki da damina. In ta cika da ruwa, kowa kan ƙarfe zai koma.

Indiya ta kai ga irin wannan hukunci bayan ta sha wuya. A Afrilun 2018 jirgi ya kashe 'yan makaranta 13 a wata matsallaka marar gadi a Kushinagar, zuwa Janairun 2019 hukumar jiragenta ta sanar cewa ta kawar da duk irinsu a manyan layukanta, wasu an rufe, wasu an sa mai gadi, wasu an haƙa musu hanyar ƙasa.

Rufewa ma tana da nata hatsarin. Injiniya yana son rage wuraren tsallakawa, kuma yana da hujja. Amma in aka ja shingen waya aka ce wa manomi ya zagaya kilomita huɗu zuwa gonar da yake hangowa daga ƙofar gidansa, zai yanke wayar. Ɓarakar da ya yi ba ta da allo, ba ta da ƙofa, direban jirgi bai san da ita ba balle ya busa. Ita ce mafi muni duka. Don haka tazarar da ke tsakanin matsallaka da matsallaka tana cikin ƙa'idar kariya, daidai da ƙarfin ƙofa. Ba kuma a ofis ake gane ta ba. Tun ran gini ran zane: masu awo su taka da ƙafa tare da mai unguwa da dagaci da arɗo da sarkin noma, a nuna musu inda sawu yake da rani da inda yake komawa da damina, tun ba a zuba ƙasa ba. Bayan an ɗora ƙarfe, huda hanyar ƙasa ya ninka kuɗi, kuma da wuya a sake ware masa kasafi.

Inda dole sai an tsallaka ta sama, ƙofa ita kaɗai ba ta isa ba. A rubuta wurin da sunan al'umma, a ɗauki ɗan gari aikin gadi da albashi daga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a ba shi hanyar magana da tasha, a share tsirrai iya nisan da lissafin mafi jinkirin mai wucewa ya nuna, a daidaita daɓen da ƙafar amalanke za ta hau. Masu sarauta da 'yan majalisar yankin Illela da Gwadabawa su je Daura da Jibiya su ga yadda aka yi da hanyoyin gona da burtali a can, su kuma nemi a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin kwangila kafin a sa mata hannu.