Masana da Masu Maganin Ƙarya: Tarihin Wata Gwagwarmaya a Ƙasar Amurka, 1892 zuwa 1962

Gabatarwa

Babu wanda ya fi sauƙin cuta kamar majinyaci, domin wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya tsayawa tambayar asalin magani, balle ya tuhumci mai ba shi. Saboda haka kowace al'umma tana da masu cin kasuwa da rashin lafiyar mutane. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin waɗansu masana na ƙasar Amurka waɗanda suka fito fili suka ƙaryata irin waɗannan mutane, a ga abin da suka cim ma, da abin da ya gagare su, da kuma inda su kansu suka yi tuntuɓe.

Zamanin Kwalba Mai Maganin Kome

A ƙarshen ƙarni na 19 babu wata doka ta tarayya da ta tilasta wa mai haɗa magani a Amurka ya faɗi abin da ya zuba cikin kwalbarsa. Mutum sai ya dama ruwa da barasa da launi, ya liƙa takarda mai cewa yana warkar da tarin fuka da ciwon daji da ciwon mara, ya shiga kasuwa. Wani sanannen magani mai suna Peruna fiye da rubu'insa barasa ce. Wani kuma da ake ɗura wa jarirai masu haƙori, mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup, morfin ne a cikinsa, watau ɗiyan banju mai sa barci, har waɗansu jariran ba su sake farkawa ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jaridu sun san halin da ake ciki, amma kuɗin tallar magungunan nan shi ne abincinsu. Har ma masu maganin sukan sa wani sharaɗi cikin yarjejeniyar talla, wanda ake bugawa da jan tawada, cewa yarjejeniya ta warware muddin jihar ta kafa dokar da ta taɓa cinikinsu. Da wannan dabara suka mayar da masu jaridu 'yan kamashonsu a gaban majalisu.

Waɗanda Suka Fara Tsage Gaskiya

Edward Bok, editan mujallar mata ta Ladies' Home Journal, ya daina karɓar tallar irin waɗannan magunguna a shekara ta 1892, ya yarda da hasarar kuɗin. Bayansa sai Dakta Harvey Wiley, babban masanin sinadarai na Ma'aikatar Gona, wanda a 1902 ya tara samari 12 'yan sa kai, yana ciyar da su abinci mai ɗauke da sinadaran da 'yan kasuwa ke zubawa don hana ruɓewa, yana rubuta abin da ya same su. Jaridu suka laƙaba musu suna rundunar guba, labarinsu ya game ƙasa.

Sa'an nan a watan Oktoba na 1905 wani ɗan jarida, Samuel Hopkins Adams, ya fara jerin maƙaloli a mujallar Collier's, waɗanda ma'anar sunansu ita ce Babbar Damfarar Amurka. Hanyar da ya bi ita ce ta ba aikinsa ƙarfi: ya sayi magungunan, ya kai wa masana suka tantance abin da ke ciki, ya kira kowanne da sunansa, ya kuma bi sawun masu ba da shaidar warkewa a cikin talla. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta tattara maƙalolin ta buga su littafi mai araha. Ran 30 ga watan Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a kan dokar tsabtar abinci da magunguna, wadda ta wajabta a rubuta a jikin kwalba in akwai barasa ko morfin ko hodar iblis a ciki.

Amma dokar ta zo da giɓi. A 1911 Kotun Ƙoli ta yanke cewa haramcin ya tsaya ga ƙarya game da abin da ke cikin magani, bai shafi ƙarya game da cutar da yake warkarwa ba. Gyaran da majalisa ta yi a 1912 kuwa ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cewa mai maganin ya yi niyyar zamba, alhali niyya a zuci take. Don haka nauyin faɗakarwa ya koma kan likitoci. Dakta Arthur Cramp ya shafe kusan shekara 30 a ofishin ƙungiyarsu da ke Shikago yana tara bayanan masu maganin ƙarya, yana amsa wasiƙun jama'a.

Fishbein da Likitan Bunsuru

Karon da ya fi shahara shi ne na Dakta Morris Fishbein, editan mujallar ƙungiyar daga 1924, da wani mutum mai suna John Brinkley. Shi Brinkley takardar shaidarsa ta likita daga wata makarantar jeka-na-yi-ka ta fito. A wani ƙauye mai suna Milford a Jihar Kansas ya buɗe asibiti, yana dasa wa maza 'ya'yan marainan bunsuru, wai don ya dawo musu da ƙarfin mazakuta, a kan dala 750 kowane mutum. Jikin ɗan Adam ba ya karɓar naman dabba, saboda haka wanda ya yi sa'a shi ne wanda ya yi hasarar kuɗinsa kaɗai. Waɗansu miki ya ruɓe musu, waɗansu suka rasa ransu.

Abin da ya ɗaukaka Brinkley shi ne rediyo. A 1923 ya kafa tasharsa, yana karanta wasiƙun majinyata, yana rubuta musu magani ta iska ba tare da ya taɓa ganinsu ba, yana tura su kantunan da ke ba shi kamasho. Fishbein ya yi ta sukarsa a rubuce, har a 1930 hukumar likitocin Kansas ta ƙwace lasisinsa, hukumar rediyo kuma ta ƙi sabunta na tasharsa. Abin mamaki, a wannan shekara ya tsaya takarar gwamna, ya sami kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u. Daga nan ya ƙetara iyaka ya kafa wata tasha mai ƙarfin gaske a Meksiko, ya ci gaba da cinikinsa. Wannan ya nuna cewa tona asirin maƙaryaci ba lalle ne ya raba shi da mabiyansa ba, domin da yawansu sun ɗauka hassada ce manyan likitoci ke yi wa mai taimakon talaka.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1938 Fishbein ya sake kiransa likitan bogi a wata maƙala, shi kuwa ya kai ƙara yana neman diyyar ɓata suna. Aka zauna shari'a a garin Del Rio na Jihar Teksas a watan Maris, 1939. Can a gaban alƙali, inda babu makirfo sai rantsuwa da tambayar lauya, ya kasa kare aikinsa, masu taimaka wa alƙali suka ba Fishbein gaskiya. Waɗanda ya cuta suka yi masa ca da ƙararraki, ya tsiyace a 1941, ya mutu a 1942.

Darasin Gawawwaki

Duk da haka, ba maganar masana kaɗai ta gyara doka ba. A 1937 wani kamfani a Jihar Tenesi ya narkar da maganin salfanilamaid cikin wani sinadari mai zaƙi, dayetilin gilaikol, wanda ke kashe ƙoda, ya sayar ba tare da gwaji ba. Mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Ɗakin binciken Ƙungiyar Likitoci ne ya gano gubar. Sai a 1938 aka kafa dokar da ta ce a tabbatar magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Cikin waɗanda suka yi gwajin gubar a Jami'ar Shikago akwai wata ɗaliba, Frances Kelsey, wadda daga baya, a 1960, ta ƙi ba da izinin sayar da talidomaid, maganin da ya nakasa dubban jarirai a Turai. A 1962 aka ƙara sharaɗi na biyu: sai an tabbatar magani yana aikin da aka ce yana yi.

Su ma masanan ba su kuɓuta daga zargi ba. Mujallar da Fishbein ke jagoranta ta shekara 20 tana buga tallar taba sigari, ba ta daina ba sai 1953, bayan an sauke shi daga kujerarsa a 1949. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma irin wannan tuntuɓe makami ne a hannun abokan hamayya.

Kammalawa

Wannan tarihi bai tsaya a Amurka ba. Gubar nan ta 1937 ita ce ta kashe yara fiye da 100 a Nijeriya a 1990 ta cikin ruwan farasitamol, ta sake kashe yara 84 a annobar maganin haƙori da ta ɓarke a 2008. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001, ta tsallake rijiya da baya lokacin da aka buɗe wa motarta wuta a watan Disamba, 2003.

Abubuwa uku ne suka fito daga wannan bayani. Na ɗaya, maganar masani takan yi tasiri ne in ta zo da hujja da suna da sakamakon gwaji. Na biyu, faɗakarwa ba ta wadatarwa sai doka da kotu sun dafa mata, kuma sau da yawa doka ba ta motsawa sai an binne mutane. Na uku, jarin mai faɗakarwa shi ne amanar jama'a. Ran da aka ga hannunsa cikin kuɗin talla, ran nan mai kwalbar ƙarya ya sami abin faɗa.